Masu Karanta Kogi: Tarihin Samarin da Suka Fara Aiki a Bakin Ruwan Dandi



Garin Gene yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Paraku da Kandi, ta dire a gadar Malanbil, inda Jamhuriyar Benin ta yi iyaka da Nijar. Baƙo ya san garin da kasuwar dabbobinsa da mararrabar da ake karkata zuwa Karimama. Idan aka zo ba da tarihin wannan yanki na Dandi kuwa, yawanci labarin sarakuna ake kawowa, da na fataken goro da suka riƙa ƙetare kogi da jakunansu suna nufar Gwanja. Akwai wasu mutane da ba a cika ambata ba, alhali noman da ake yi a fadamunmu yau, har ma da wurin da iyakar ƙasa ta tsaya a tsakiyar kogi, duk da guminsu a ciki. Su ne samarin da aikinsu na farko a rayuwa shi ne zama a bakin ruwa da littafi da fensir, suna rubuta abin da kogi ya yi da abin da ke rayuwa a cikinsa. Tarihinsu zan kawo a yau, daidai gwargwado.

RUWAYEN DA AKE MAGANA A KANSU

Sai an san ruwan kafin a gane aikin. Babban kogin shi ne Kwara, wanda Dandawa da Zabarmawa ke kira Isa. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, yakan yi tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku a Najeriya. A nan wajenmu shi ya raba Benin da Nijar, Malanbil a wannan gaɓa, Gaya a waccan. Daga kudu kuma koguna uku ke kawo masa ruwa: Mekuru can yamma, Alibori a tsakiya, sai Sota da ke shiga cikinsa kusa da Malanbil.

Halin ukun nan ba ɗaya ba ne. Mekuru da Alibori a kan dutse mai tauri suke gudu, wanda ba ya riƙe ruwa. Da damina su tumbatsa, da rani su tsinke su koma gurbi-gurbi. Sota kuwa ya ratsa wani irin dutsen yashi na yankin Kandi mai shan ruwa kamar soso, wanda ke ajiye ruwan damina yana sakinsa a hankali. Shi ya sa ko a tsakiyar bazara Sota bai cika yankewa ba.

Shi kansa Kwara sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko a watannin Agusta da Satumba take zuwa, ruwan saman yankinmu ne, kuma ja ne saboda lakar da ya kwaso. Ta biyu tana isowa cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama. Wannan ruwan da aka yi a Gini ne tun damina, ya daɗe yana yawo a fadamun ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso nan a tace har yana ɗaukar duhu, don haka ake ce masa baƙin ruwa. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi, kowannensu abincinsa ya rataya ne a kan sanin yaushe waɗannan ruwaye biyu za su zo, da kuma iyakar inda za su kai.

KAFIN ZUWAN LITTAFI

Karatun kogi ya girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba. A gidajen Sarkawa, masu su na asali a wannan kogi, yaro yakan fara da kwarfe ruwa daga cikin kwalekwale da ƙoƙo. In ya ɗan tasa a koya masa ɗinkin koma, daga nan a miƙa masa gora ya koyi tuƙi. Gorar nan ita ce ma'auninsa na farko, domin da ita yake sanin inda zurfi yake da inda yashi ya taru tun bara. A hankali zai san ramin da giwan ruwa ke kwanciya, da lokacin da tarwaɗa ke haurawa fadama don zuba ƙwai, da makiyayar ayu, da alamar dorina mai ɗa wadda ba a kusantarta.

A kan wannan ilimi sarautar sarkin ruwa ta ginu. Shi ke hana su a wasu tafkuna har ruwa ya janye kifi ya girma, sa'an nan a sa rana jama'a su shiga gaba ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, daga irin wannan al'ada ya tsiro. Wannan tsari kiyaye ruwa ne na gaske, kuma ya ciyar da al'umma ɗaruruwan shekaru. Sai dai yana da iyaka guda: a ka yake zaune. Dattijo zai gaya maka ruwan bana bai kai na shekarar da aka yi fara ba, amma da kamu nawa ya gaza? Ranar da dattijon ya kwanta dama, rabin lissafin ya bi shi. Kuma ilimin da ke ka ba a iya ɗaukarsa a ajiye a gaban alƙalin wata ƙasa.

ZAMANIN SANDAR AWO

A 1896 wani hafsan jiragen ruwan Faransa mai suna Hourst ya gangaro kogin daga ƙasar Mali har teku, yana zana taswira. Tsakanin 1926 da 1932 wani injiniya mai suna Beneyton ya jagoranci awon zurfin kogin tsakanin Yamai da Gaya, don a san ko jiragen kaya za su iya bi. Sunayen shugabannin aka rubuta. Waɗanda suka tuƙa jiragen, suka riƙe igiyar awo, suka nuna inda duwatsu ke ɓoye, mutanen gaɓar nan ne.

A shekarun 1950 aka shiga wani sabon babi, lokacin da masanan ruwa na Faransa, musamman na cibiyar bincike da ake kira ORSTOM, suka yawaita kafa tashoshin awo na dindindin. An kafa a Malanbil a kan Kwara, da Kuberi a kan Sota, da wasu wurare a kan Alibori da Mekuru. Tashar ba wani gini ba ce. Faranta ne na ƙarfe masu tsawon mita guda-guda, an zana musu santimita, an kakkafa su hawa-hawa daga cikin ruwa har saman gaɓa. Abin da tashar ke buƙata shi ne mutum mai iya karanta lamba, wanda zai zo kowace safiya ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta, in lokacin cika ne ya dawo da yamma ya ƙara dubawa. Ƙarshen wata a aika da takardar. Lokaci-lokaci injiniyoyi kan zo da jirgi da wata na'ura mai farfela su auna saurin ruwan, don su san in ya kai tsayi kaza, yawan da ke wucewa a daƙiƙa guda kaza ne.

Aiki ne na ɗan ihsani kaɗan, ba wanda ya taɓa gina gida da shi, kuma sau da yawa saurayin da ya ɗan taɓa lakwal ake damƙa wa. Wahalarsa ba a jiki take ba. Babu mai ganinka. Ranar da aka kwana ana ruwa, hanya ta yi caɓi, kana iya zama a ɗaki ka rubuta lambar jiya ka ƙara mata biyu, ba wanda zai sani a wannan wata. Darasin farko da wannan aiki ke koya wa mai yinsa shi ne amana, domin lambar rana ɗaya ba ta da wani amfani, sai an jera ta shekara talatin ko arba'in take fara magana, kuma ƙarya kaɗan a tsakiya tana gurɓata jerin.

Da lokaci ya yi, jerin ya yi magana. A 1964 ƙasashen da ke shan kogin suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda a 1980 ta zama Hukumar Raya Kogin Kwara mai ƙasashe 9, da mazauninta a Yamai. Duk wata muhawara tsakaninsu a kan rabon ruwa, da waɗannan lambobi ake yinta. Awon Malanbil yana da nauyi na musamman, domin yana nuna abin da ke shirin shiga Najeriya ya nufi madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Da fari ya auko a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a 1984, littattafan masu awo ne suka tabbatar cewa abin ya wuce ƙorafin tsofaffi. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara awo a can.

Akwai kuma batun tsibirin Lete, wanda ya kusa haɗa Dahome da Nijar faɗa a ƙarshen 1963. Rigimar ta daɗe tana kwance tana tashi, har ƙasashen biyu suka kai ta Kotun Duniya da ke birnin Heg. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta yanke cewa iyaka tana bin hanyar jirgi mafi zurfi a cikin kogin. Don gano wannan hanya sai da ta koma ga tsofaffin rahotannin awon zurfi, musamman na kamfanin NEDECO na ƙasar Holan da ya fito a 1970. A cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Abin da bindiga ba ta raba ba, igiyar awo ta raba shi.

MASU KAMUN BAƘIN ƘUDA

Rukuni na biyu su ne suka fi shan wuya. A da akwai wata cuta da ta addabi mazauna bakin koguna masu gudu a Afirka ta Yamma. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke ɗauke da ita. In ya ciji mutum yakan bar masa 'ya'yan wata tsutsa, su girma a ƙarƙashin fata su yi kulu, su riƙa haihuwar dubban ƙanana. Daga nan sai ƙaiƙayin da ke hana barci, fata ta yi kaushi, bayan shekaru ido ya rufe. A wasu ƙauyuka, musamman a kwarin kogunan Bolta, ganin yaro yana jan mahaifinsa da sanda ya zama ruwan dare, har mutane suka bar ƙasa mai albarka ta bakin ruwa suka koma tudu mai tsakuwa. Kogunanmu na Sota da Alibori da Mekuru su ma suna cikin wuraren da ƙudan ke hayayyafa.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shirin yaƙi da cutar, da hedkwata a Wagadugu. Ƙasashe 7 aka fara da su: Dahome, Togo, Gana, Kodebuwa, Mali, Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Daga baya suka zama 11. Wani likita ɗan Gambiya, Ebrahim Samba, ya shugabanci shirin daga 1980 zuwa 1994.

Dabarar ita ce a kashe ƙudan tun yana tsutsa. Uwar takan zuba ƙwai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, tsutsar ta manne a ganye ko dutse kwana bakwai zuwa goma kafin ta rikiɗa. Saboda haka kowane mako sai jirgin sama, galibi mai saukar ungulu, ya bi kogi yana zuba magani a saman kowace magudana, ruwa ya kai shi ga tsutsar. Kuma tun da uwar tsutsar da ke jikin ɗan Adam tana iya rayuwa har shekara 14, dole a yi ta feshin aƙalla tsawon haka ba fashi. Mu da muka tashi a wancan zamani mun sha barin allo mu fito kallon jirgin nan yana bin kan itatuwan bakin rafi.

Matuƙin jirgi ake gani, amma aikinsa a kan mutum uku na ƙasa ya dogara.

Na farko tsohon abokinmu ne, mai karanta sandar awo. Yawan maganin da za a zuba ya danganta da yawan ruwan da ke gudu a wannan mako. In ya yi kaɗan tsutsa ta tsira, in ya yi yawa a cuci sauran halittun ruwa. Don haka lambar da aka karanta da safe ake aikawa ta wayar iska a yi lissafi da ita. Sai a shekarun 1980 aka fara kafa na'urori masu aika awon ta tauraron ɗan Adam.

Na biyu shi ne mai kamun ƙuda. Su biyu ake turawa wuri guda, suna karɓa-karɓa awa-awa, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma. Mutum zai zauna a bakin ruwa ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya miƙa ƙafafunsa tsirara. Da ƙuda ya sauka, kafin ya kafa baki, sai ya kifa masa 'yar kwalba ya toshe. Kowace awa a ƙirga a rubuta. Da yamma a kai kamun ɗakin bincike, a feɗe ƙudajen ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi mai girmama abu, a ga nawa ne ke ɗauke da tsutsar. Ma'aunin nasara shi ne cizon da mutum guda zai sha a wuri ya sauko ƙasa da 1,000 a shekara, tsutsotsin da za su iya shiga jikinsa kuma su gaza 100. A duba wannan da kyau: saurayi ne ya mai da jikinsa tarko, a wurin da ya san cizon yana iya makantar da shi, don a san ko maganin yana ci. Irin wannan lissafi ne ya nuna cewa iska tana kwaso ƙudaje daga ɗaruruwan kilomita su sake mamaye kogunan da aka riga aka tsabtace, abin da ya sa aka faɗaɗa shirin. Binciken ƙasa ne kuma ya gano a 1980, a Kodebuwa, cewa tsutsar ta fara jure maganin farko, aka shiga sauya magunguna bi da bi.

Na uku shi ne mai lura da lafiyar kogin kansa. Tun farko an yi fargabar kada a kori makanta a kawo yunwa, wato a kashe kifi. Saboda haka aka kafa kwamitin masana mai zaman kansa, aka zaɓi wasu wurare a kogunan shirin inda ma'aikata za su riƙa kafa raga masu ido daban-daban su kwana a ruwa. Da safe a ware kamun jinsi-jinsi, karfasa gefe, ƙurungu gefe, kawara da tsage gefe, a auna tsawo da nauyin kowanne, a buɗe ciki a ga abin da ya ci. Wasu kuma su tare ƙananan ƙwarin da ruwa ke kwasowa da raga mai laushi, dare da rana, su ƙirga, domin su ne abincin kifi. Duk maganin da ya nuna zai yi ɓarna fiye da kima, ana taƙaita shi ko a ajiye shi. Ma'aikata da yawa na Afirka ta Yamma a nan suka fara koyon ilimin halittun ruwa, hannu cikin ƙarnin kifi.

A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, aka haɗa feshi da rabon ƙwaya. An rufe shirin a 2002. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, an tsare mutum kimanin 600,000 daga makanta, an kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar noma. A watan Janairu na 2025 hukumar ta tabbatar da maƙwabciyarmu Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da cutar. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

MASU ƘIRGA A GANDUN DAJI

Rukuni na uku a dajin da ke yamma da mu suka yi nasu aikin. Wannan daji, wanda aka ayyana a matsayin gandun ƙasa a 1954, ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso. Ana kiransa da harafin W, masu Faransanci su ce Dubulbe, saboda yadda Kwara ya yi lanƙwasa a arewacinsa. Kafa shi bai zo wa talakawa da sauƙi ba. An hana farauta da kiwo da su a wuraren da kakanni suka saba, kuma shekaru da dama ganin ma'aikacin ruwa da dazuzzuka yana nufin tara ko kwace.

An fara sauya salo bayan 1996, lokacin da gwamnatin Benin ta kafa cibiyar kula da gandayen namun daji, CENAGREF, aka kuma kafa ƙungiyoyin ƙauyuka na AVIGREF masu samun kaso daga kuɗin farautar da aka halatta. Daga 2001 shirin ECOPAS, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, ya haɗa ɓangarorin ƙasashen uku. A nan aka buƙaci 'ya'yan mafarauta da na makiyaya, masu gane sawu da kashin dabba, su yi tafiya tare da ɗaliban jami'a masu riƙe da takarda. Sukan bi miƙaƙƙen layi a ƙafa cikin zafin Maris, suna rubuta kowace ɓauna da gwanki da kanki da suka hango, da nisan da ke tsakani. Wasu su kwana a kan dandamali a bakin tafki, kamar na Alfakwara da giwaye ke zuwa sha, suna ƙirga abin da ya zo.

Babban abin da wannan ƙirga ta koyar shi ne cewa lissafin namun daji lissafin ruwa ne. Da rani, in Mekuru da Alibori sun tsinke, rai duka a 'yan gurabe ƙalilan yake taruwa. Wanda ya san ranar da kowane tafki ke ƙafewa ya san inda giwa za ta nufa, ya san ƙauyen da za ta shiga, ya kuma san inda garken Fulani zai kutsa, domin saniya da ɓauna ƙishirwa ɗaya ke korarsu. A 2007 aka sa wannan yanki cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2017 kuma UNESCO ta haɗa shi da gandayen Arli da Panjari cikin kayan gadon duniya. A 2020 ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da ɓangaren Benin.

Sai kuma rashin tsaro ya sauko daga arewa. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyin da 'yan bindiga suka dasa a cikin gandun suka kashe mutum 9, cikinsu har da masu gadin daji 5. Aikin da a da haɗarinsa maciji ne da zazzaɓi, yau ya zama na sai da rai, kuma akwai tafkunan da ba mai iya zuwa ya zauna ya ƙirga komai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ruwan bai daina ba mu aiki ba. Ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 sun cinye gonaki da gidaje a Malanbil da Karimama. Fadamar shinkafa ta Malanbil, mai hekta 516, da famfo ake shayar da ita, kuma kowane taku da ruwa ya ja baya ƙarin kuɗi ne a kan manomi. Yashi yana cike hanyar jirgi saboda an sare itatuwan gaɓa an nome har bakin ruwa. Magungunan auduga na yankin Kandi da Banikwara ruwan sama yana wanke su zuwa rafuka. An hana ɗaya daga cikinsu, endosulfan, a 2008, amma har yanzu akwai marasa tsoron Allah masu zuba guba a gurbi don kwasar kifi. Kowace ɗaya daga cikin matsalolin nan, kafin a magance ta sai an auna ta, kuma tauraron ɗan Adam, duk da amfaninsa, sai an gwada abin da ya hango da abin da mutum ya gani a ƙasa. Gani ya kori ji.

Aikina na magatakarda ya sa takardun neman aiki na 'ya'yanmu da yawa suna bi ta hannuna kafin su isa gaban dattijo don ya sa albarka. Kusan dukansu kujera suke nema a Paraku ko Kwatano. Ba laifi ba ne. Amma in aka ce ga aikin wata shida na auna rijiyoyi ko ƙirga kifi a masauki, sai ka ga an yatsine fuska, wai aikin wahala ne marar suna. Ina so samarinmu da 'yan matanmu, musamman masu karatun noma da muhalli a Jami'ar Paraku da masu burin shiga cibiyar AGRHYMET ta Yamai, su san cewa wannan ƙofa ita ce manyan fannin suka bi. Wanda bai taɓa tsayawa cikin laka ya karanta sanda ba, in an kawo masa lambar ƙarya a ofis ba zai gane ta ba. Kuma ɗan wannan yanki yana da abin da baƙo ba shi da shi: yana jin Dandanci da Hausa da Fulatanci, masunci zai gaya masa abin da ba zai gaya wa mai tafinta ba.

Ga iyaye da masu unguwanni kuma, akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya jiran gwamnati. Kowane gari yana iya sa yaro guda ya riƙa auna zurfin babbar rijiya ranar farko ta kowane wata da igiya mai ƙulli, ya rubuta ranar da tafki ya cika da ranar da ya ƙafe, a ajiye littafin a gidan mai gari. A zauna da sarakunan ruwa da suka rage a rubuta sunayen gurabe da dokokinsu tun suna raye. Bayan shekara ashirin wannan littafi zai fi kowace takardar koke ƙarfi a gaban hukuma.

Daga ƙarshe, duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya taɓa karanta sandar awo, ko ya miƙa ƙafarsa ga baƙin ƙuda, ko ya bi sawun giwa da takarda, ya je ya tambaye shi wurin da ya yi aiki da shekarun da ya yi, ya rubuta ya adana. Rahotannin da aka buga a Turai lambobinsu suka ɗauka, sunayensu kuwa sai mu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Ya ba masu rai lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a dajinmu da koginmu.